Baba Mai Jarida da Littattafansa Uku

Daga Tamale zuwa bakin teku tafiyar kilomita 600 ce ko fiye. A can bakin teku, a birnin Akra wanda tsofaffin fatake suke kira Ankara, ake buga manyan jaridun ƙasar Gana. Daily Graphic ta fara fitowa a 1950, Ghanaian Times kuwa a zamanin Kwame Nkrumah. Da dare ake buga su, a ɗaure su dami dami, a sa a mota. Motar ta bi ta Kumasi da Techiman da Kintampo, ta haye kogi a Buipe, ta sake haye wani a Yapei, kafin ta iso. Shekaru da yawa, abin da mutumin Akra ya karanta da shayin safe, mutumin Tamale ba ya ganinsa sai la'asar, in hanya ta lalace kuwa sai kashegari. Ko labarin abin da ya faru a cikin Tamale kanta, sai ya gangara teku tukuna, a yi masa aski, sa'an nan ya komo gida.

Akwai wani dattijo a garin wanda ya yi fiye da shekara talatin yana sayar da waɗannan jaridu. Ba a cika kiransa da sunansa ba, yara da manya Baba Mai Jarida suke ce masa. Daga wajen Bolgatanga ya zo yana saurayi. Iyakar karatunsa firamaren mishan, amma ya fito da hannu mai kyau, yana kuma karanta Turanci ba gargada. Teburinsa yana gindin wani itacen darbejiya kusa da babbar kasuwa. Yakan jera jaridun, ya danne kowace da dutse saboda iska.

Masu saye kaɗan ne, masu sauraro ne da yawa. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ya biya ya ɗauki tasa ya wuce. Masu tura amalanke, da teloli, da masu gyaran keke, sai su tsaya su ce, “Baba, me aka ce yau?” A wurin akwai Badagombe, da Bagwanje, da Bafarafare, da mutumin Zango, kowa da harshen gidansu, saboda haka da Hausa yake fassara musu. Abin da ya lura tun farko shi ne, ba mai tambayar shafin gaba. Kowa cewa yake a juya baya, gama a baya ake sa labarin ƙwallo, a nan ne kuwa mutum yake sa zuciya ya ji an ambaci garinsu.

Dalili kuwa sananne ne. A 1976 aka kafa ƙungiyar Real Tamale United, wadda kowa yake kira RTU, ba da daɗewa ba ta shiga babbar gasar ƙasa. Tun daga lokacin, tilas manyan ƙungiyoyin kudu, Asante Kotoko ta Kumasi da Hearts of Oak ta Akra, su sha ƙurar hanya su zo filin Kaladan. Tilas kuma editocin Akra su rubuta sunan Tamale kowane mako, ko sun so ko ba su so ba. Wanda ya kalli wasan da idonsa ranar Lahadi, ya san wanda ya ci da wanda ya sha kashi, duk da haka ran Litinin ko Talata yana gindin darbejiya yana jira. Ba sakamakon yake nema ba. So yake ya ji cewa mutanen nesa ma sun sani.

A wannan ƙungiya wani yaro siriri mai suna Abedi Ayew, wanda ake wa laƙabi da Pele, ya fara yin suna. A 1982, yana da shekara 17, yana cikin 'yan wasan Gana da suka ɗauko kofin Afirka a ƙasar Libiya. Daga baya aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka sau uku a jere, 1991 da 1992 da 1993. A 1993 ɗin ne kuma ƙungiyarsa ta Marseille a Faransa ta ci kofin Turai, shi ya bugo kwanar da aka sa wa kai ta shiga ragar AC Milan. Duk sa'ad da wata jarida ta ba da tarihinsa, takan ce daga Tamale ya taso. Baba yakan maimaita wannan layi sau biyu, masu sauraro su yi ta gyaɗa kai kamar ɗansu ake yabo.

Saboda Abedi ne ya fara yanke jarida. In an tashi kasuwa akwai wadda ta yage ko ta jiƙe, ba ta sayuwa, sai ya sa reza ya cire abin da ya shafi arewa, ya dama sitaci, ya liƙa a littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Da farko littafi ɗaya ne. Da tafiya ta yi nisa sai ya raba biyu, ɗaya na wasanni, ɗaya na sauran labarai. Matarsa ce ta sa musu suna. Wata rana ta buɗe su tana duban hotuna, ta ce, “Maigida, ai wannan na murna ne, wannan kuwa na kuka.” Ya karɓa ya duba, ya ga gaskiyarta. A cikin na biyun, in ka cire ziyarar manyan gwamnati, sauran duk fari ne, da ambaliya, da sanƙarau, da kurkunu, da rikicin sarauta. Wanda bai taɓa haye kogi ya zo arewa ba, in waɗannan kaɗai ya karanta, zai ɗauka mutanen nan ba su da wani aiki sai buga ƙwallo da binne gawa.

A tsakiyar shekarun 1980, zamanin mulkin soja, bakin jaridu ya mutu. Baba yakan sayar da Standard, jaridar ikkilisiyar Katolika mai fitowa mako mako, a ƙofar majami'a bayan sujada. A ƙarshen 1985 gwamnati ta hana ta fita, ba ta komo ba sai 1992. A 1989 kuma aka kafa doka cewa ba mai buga jarida sai da lasin. 'Yan jarida da yawa suka koma rubutun wasanni da lambobin caca, gama a nan ne mutum zai ci abinci ba tare da an kwana da shi a ɗaure ba. Teburin Baba ya cika da jaridun ƙwallo, amma ƙwallon manya ne. Ba mai rubuta wasan da 'yan firamare suka yi a Sakasaka ko a Lamashegu, ko da rabin unguwa ta fito kallo.

A waɗannan shekaru ne ya sayi littafi na uku. Wannan ba liƙi ake yi a cikinsa ba, da alƙalami yake rubutawa. In an yi wasan makarantu ya je, ya tsaya a bakin fili, ya tambayi malamai sunayen yaran da suka ci. Ya rubuta kwanan wata, da fili, da sakamako. Sannu a hankali wasu abubuwa suka shiga: ranar da ruwan farko ya sauka, kuɗin kwanon masara a kasuwar Aboabo, ranar da aka haƙa rijiyar burtsatse a unguwarsu, sunan ungozomar da ta rasu bayan ta karɓi haihuwar rabin yaran layin. Abokansa suka yi ta yi masa ba'a, suna ce masa edita marar maɗaba'a. Shi dai bai fasa ba.

Sai ga shekarar 1994. A farkonta faɗa ya tashi a wata kasuwar ƙauye kusa da Bimbilla, a kan cinikin zabo. Cikin 'yan kwanaki ya zama yaƙi tsakanin Konkomba a gefe guda, da Nanumba da Dagomba da Gwanjawa a ɗaya gefen. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a gundumomi da dama, har da Tamale. Ƙididdigar da aka fi ambata ta ce kimanin mutum 2,000 suka mutu, aka ƙone ƙauyuka fiye da 400. Asalin maganar tsohuwa ce: wa yake da ƙasa, wa yake biyan wa, wace kabila ce take da ikon naɗa babban sarkinta. Amma sunan da ya bi duniya shi ne “yaƙin zabo”. Suna ne mai daɗin faɗi, yana kuma shiga kanun labari ba wuya. Wanda ya ji shi daga nesa, abin da zai fahimta shi ne akwai waɗansu mutane a can arewa da suke yanka juna saboda tsuntsu.

A watannin nan arewa ta bar shafin baya ta komo shafin gaba, jarida kuma ta yi kasuwa yadda ba ta taɓa yi ba. Baba bai ji daɗin wannan ciniki ba. Babban ɗansa yana koyon aikin kanikanci a Kumasi a lokacin. Ya aiko da wasiƙa ya ce ya je neman ɗakin haya, an gama magana har an tsai da kuɗi, sai mai gidan ya tambaye shi garinsu. Da ya ce Tamale, mutumin ya mayar masa da kuɗinsa, ya ce ba ya so a ƙone masa gida a kan kaza. Yaron ba ya cikin ko ɗaya daga kabilun da suke faɗa, mai gidan kuwa bai taɓa zuwa arewa ba. Abin da ya karanta, da abin da ya ji ana faɗa, shi ya haɗa su.

Akwai kuma abin da Baba ya gani da idonsa wanda bai gani a takarda ba. Maƙwabcinsa, wani Badagombe Musulmi mai sayar da hatsi, ya ɓoye wata mace 'yar Konkomba da 'ya'yanta uku a ɗakin buhunansa kwana huɗu. A dare na biyar ya lulluɓe su da tamfol a bayan motar kaya, ya kai su inda sojoji suke tsaro. Da an gane, da ransa da dukiyarsa duka suna cikin haɗari. Bayan ƙura ta lafa, Baba ya zauna ya rubuta wannan labari da Turancinsa na firamare, bai sa sunan kowa ba, ya aika wa editan wata jarida. Ya yi wata biyu yana buɗe shafin wasiƙu kafin ya buɗe na ƙwallo. Ba a buga ba. Sai ya kwafe shi a littafi na uku, a nan kuwa ya sa sunaye. A 1996 shugabannin kabilun suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Kumasi. Abin da ya samu ya yanka a kan wannan bai cika shafi biyu ba, alhali yaƙin ya cinye masa rabin littafi.

Kada mai karatu ya ɗauka dattijon nan yana zargin 'yan jarida da ƙarya. Ya san wakilan da suke zaune a Tamale, waɗansunsu a teburinsa suke shan inuwa. Yakan ce yawancin abin da suka rubuta gaskiya ne, sai dai guntuwar gaskiya ce. Ya kuma san dalili. Kafin a raba ta uku a 2019, Jihar Arewa ita ce mafi girma a Gana, ta kusa kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙasar. Mutum ɗaya ko biyu ne jarida take ajiyewa su kula da wannan duka, sau da yawa ba mota. In wakili ya aika labari biyar, editan da yake zaune a Akra zai ɗauki wanda masu sayensa za su tsaya su duba, masu sayensa kuwa da masu ba shi talla yawancinsu a kudu suke. Ga kuma batun harshe. Jaridar da Turanci take, a arewa kuwa makarantar boko ta makara da zuwa. A Nijeriya ta Arewa an sami Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 a Zariya, manomi yana iya sa ɗansa ya karanta masa da harshen da yake ji. Mutanen gindin darbejiya ba su da irin wannan a teburin Baba, sai abin da bakinsa ya fassara musu.

Bayan tsarin mulki na 1992 ya ba 'yan jarida 'yanci, abubuwa suka sake. A tsakiyar shekarun 1990 aka buɗe Radio Savannah a Tamale, tana magana da harsunan gida, daga baya tashoshi masu zaman kansu suka biyo. Mutum ya fara jin sanarwar rasuwar ƙauyensu, da kuɗin doya, da wasan RTU kai tsaye, ba sai ya jira motar Akra ba. Wannan alheri ne babba. Amma ya zo da nasa nauyi. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu, sarkin Dagomba, a fadarsa ta Yendi tare da mutane da dama, aka sa dokar hana fitar dare wadda ta daɗe a Yendi da Tamale. A irin waɗannan kwanaki kalma ɗaya daga bakin wanda ya bugo waya gidan rediyo tana iya rufe kasuwa kafin azahar. Baba yakan ce jaridar da take kwana a hanya tana isowa da sanyinta, maganar rediyo kuwa da zafinta take shiga gida. Sai a Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya Na, Abukari na Biyu, bayan sulhun da Sarkin Asante da Nayiri da Yagbonwura suka shugabanta. Wannan karon shafin gaba ya ɗauki labarin farin ciki daga arewa, Baba kuwa ya rasa littafin da zai liƙa shi, gama ba na ƙwallo ba ne, ba kuma na kuka ba.

Ƙwallo dai ta ci gaba da ɗaukar sunan garin. A 2008 Gana ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka, aka gina sabon fili a Tamale mai cin mutum wajen 20,000. Tunisiya da Angola da Senegal da Afirka ta Kudu suka yi zaman rukuninsu a nan, a nan kuma Kamaru ta fitar da Tunisiya da ci 3 da 2 bayan ƙarin lokaci. 'Yan jaridar ƙasashe suka cika garin, har da 'yan Akra da ba su taɓa zuwa ba, waɗansu suna mamakin ganin titi mai faɗi da hanyar masu keke. A 2017 aka sa wa filin sunan Alhaji Aliu Mahama, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, wanda ya taɓa shugabantar RTU. A 2018 Mukarama Abdulai, 'yar Tamale, ta fi kowa cin ƙwallo a gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17 a Uruguay. A 2021 aka zaɓi Abdul Fatawu Issahaku gwarzon gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Muritaniya, daga baya ya tafi Sporting a Fotugal, daga can zuwa Leicester a Ingila. RTU kanta ta faɗi daga babbar gasa a 2013, ta komo a 2021, ta sake faɗuwa a 2024.

Yawancin waɗannan na baya, a waya mutane suka gan su. Ciniki ya yi ta raguwa har Baba ya naɗe teburinsa ya koma gida. Yanzu kowane saurayi wakilin kansa ne, yana ɗaukar hoto ya sa a Facebook ko WhatsApp kafin alkalin wasa ya busa tashi. Ba mai jiran Akra ta ambace shi. Sai dai abin da aka sa yau, bayan wata guda nemansa aiki ne, in waya ta faɗa ruwa kuwa shi ke nan.

Amfanin littafi na uku ya bayyana ne wata rana da hantsi, shekaru da yawa bayan yaƙin. Wata tsohuwa mai sayar da koko ta yi sallama a ƙofar gidansa. Ya shimfiɗa mata tabarma, suka gaisa.

Ta ce, “Baba, an ce mini kana rubuta sunayen yara masu ƙwallo.”

Ya ce, “Ina taɓawa, Mma. Wane yaro ne?”

Ta faɗi sunan ɗanta da makarantarsu. Ta ce a farkon 1994 ya tafi ƙauye wajen Bimbilla taya kawunsa kwasar doya, bai komo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Ba ta da hotonsa. Takardunsa na makaranta gara ta cinye su. Jikokinta suna jin sunansa kamar tatsuniya.

Baba ya ɗauko littafin, ya sa tabarau, ya yi ta bin shafuka da yatsa. Sai da ya kai 1991 ya tsaya. Ga kwanan wata, ga sunayen makarantu biyu, ga sakamako, a ƙarƙashi kuma ga sunan yaron cikakke, da kalma uku: ya ci biyu. Ya karanta mata. Ta ce ya sake. Ya sake. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta ce ya nuna mata daidai inda sunan yake, ta ɗora yatsa a kai, ta yi shiru mai tsawo. Sa'an nan ta ce, “Ashe dai an rubuta shi.” Da yamma ya aiki jikarsa ta kai shafin inda ake ɗaukar hoton takardu, aka yi kwafi biyu. Tsohuwar ta naɗe nata a leda, ta sa a ƙasan kwanon da take ajiyar kuɗi.

Ba edita a duniya da zai ga wasan 'yan firamare na 1991 ya ce labari ne, ba kuwa laifinsa ba ne. Wanda yake nesa yana ganin hayaƙi in ya tashi, yana jin ihu in an ci ƙwallo. Sauran zaman mutane, sai na kusa ne zai iya rubuta shi. A kowace ikkilisiya, da kowane masallaci, da kowace makarantar unguwa, akwai mai hannun rubutu kamar na Baba ko wanda ya fi nasa, littafin 'yan makaranta kuwa ba shi da tsada.

Idon dattijon ya yi rauni yanzu. Littattafai biyu na farko sun yi ja, sitacin ya saki, takardu suna zubewa in an buɗe. Na ukun ya haifi waɗansu, suna cikin akwatin ƙarfe da ƙwayoyin maganin asu. Jikarsa ce take riƙe da alƙalami, shi yana faɗa. Ya kafa mata doka uku: ta sa kwanan wata, ta sa suna cikakke, kada kuma ta rubuta abin da ta gani a waya sai ta sami mutum biyu da suke wurin. Takan yi gunaguni ta ce, “Kaka, ai kowa ya riga ya sani.” Shi kuwa ya ce, “Yau ne suka sani. Rubuta.”